Malama Dakata da Hannun Mai Walda

Tun kafin maigadi ya gama buɗe babbar ƙofar makaranta, Malama ta riga ta isa ajinta. Ajin yana can ƙarshen baranda, bayan ɗakin ajiye kaya, inda hayaniyar filin wasa ba ta cika kaiwa ba. Takalmi take fara cirewa, ta rufe idanunta, ta zagaya ɗakin da tafin ƙafa da hannu kamar yadda yaranta za su zagaya shi an jima. Tana neman kujerar da ta goce daga mazauninta, ko bokitin da aka manta a hanya, ko gefen tabarma da ya naɗe. In ta yi tuntuɓe da wani abu, to ranar Iya mai shara za ta sha magana. Iya ta daɗe da sabawa. Takan ce a duk makarantar ajin Malama ne kaɗai ake share shi a mayar da komai daidai inda aka same shi, kuma da Malama za ta samu yadda take so, da har ƙurar sai an mayar.

Daga nan sai kantar katako da ke jikin bango, wadda aka raba gida-gida daga hagu zuwa dama, kowane yaro da layinsa. A gidan farko ta sa ɗan tawul, wanke hannu ke nan. Na gaba kofi, sai ƙwallo, sai cokali, can ƙarshe kuma wani abu da yaron ya sani na hanyar gidansu: wani yaron igiyar jakarsa ce, wata yarinyar kuma guntun robar hannun babur. Yaro in ya iso zai bi layin da yatsunsa ya san abin da ranar ta zo da shi, tun da ba ya ganin agogo, ba ya kuma jin ƙararrawa. In an gama abu, shi da kansa zai ɗauki alamarsa ya jefa a kwandon da ke ƙasa.

Yaran ajin ba su taɓa yin yawa ba. Yara ne da abu biyu ya haɗu musu, rashin gani da rashin ji. Mutane in sun ji haka sai su girgiza kai su ce wayyo, su ɗauka shi ke nan babu abin yi sai addu'a. Malama ba ta da haƙuri da wannan wayyo ɗin. Ta san wani yana ɗan gani ta gefen ido in an ɗora abu mai launin rawaya a kan baƙin ƙyalle, wata tana jin bugun ganga a ƙirjinta ko da kunnenta bai kama ba. Aikinta na farko da kowane yaro shi ne ta lalubo ɗan abin da ya rage masa, komai ƙanƙantarsa, ta fara daga nan. Wanda kuma ba abin da ya rage masa a ido ko a kunne, to yana da hannu da hanci da fata, kuma ta ce waɗannan sun isa a fara.

Sunan Malama Dakata abokan aiki ne suka laƙaba mata, tun tana fushi har ta koma amsawa. Za ta sa cokali a tafin yaro, ta yi masa alamar abinci a hannunsa, sannan ta tsaya cak. Kai da kake kallo har ka ƙosa, ka miƙa hannu za ka taimaka, sai ka ji ta ce, dakata. Ta ce saƙon da ya shiga ta fata a ƙasa yake tafiya, kuma yawancin yaran da ake cewa ba sa fahimta, amsarsu tana hanya ne aka yi musu abin aka wuce. Direban motar makaranta ya rantse ya taɓa tarar da ita tana jiran wani yaro ya ɗaga kofi, ya je ya sha mai ya dawo, ya same su yadda ya bar su. Ƙarya yake yi, amma ba da yawa ba.

Haka safiyarta take shekara da shekaru, har lokacin da ta yi ritaya watannin baya. Ba a buga hotonta a jarida ba, ba a sa wa wani gini sunanta ba. Shi ya sa ya kamata a faɗi nata yanzu, tana raye tana ji, ko da za ta ɓata rai ta ce an cika surutu. Malama, ke ce kika zauna a ƙasa kan tabarma har gwiwoyinki suka fara ƙara. Ke ce aka ciza, aka yakusa, aka tofa wa abinci, washegari kika dawo da hannunki a buɗe. Amma cikin duk abin da kika yi, wanda za a ba da labari a nan shi ne na shekararki ta ƙarshe, domin shi ne ya fi ba ki wuya.

Akwai wata yarinya a ajin, 'yar wani mai walda, kowa Auta yake kiranta duk da an yi mata ƙane daga baya. Zazzaɓi mai zafi ne ya tafi da ganinta da jinta tun tana goye. Ranar da aka fara kawo ta, hannayenta biyu suna cikin hammata, ta matse su gam. Malama ta gane dalili tun kafin a faɗa mata. Yarinyar nan tun da ta yi wayo hannaye ne kawai ke faɗo mata daga inda ba ta sani ba, a fizge ta a yi mata wanka, a cusa mata cokali, a kama hannunta a tura cikin riga. Duk da ƙauna ake yi, amma ita ba ta da hanyar sanin haka, sai ta ɓoye abin da aka fi kamawa.

Malama ba ta kama ba. Ta zauna kusa da ita, kafaɗa na gogar kafaɗa, tana juya tsakuwa a kwano ita kaɗai, ta bar motsin ya riƙa isa jikin yarinyar. An ɗauki watanni kafin yatsa ɗaya ya leƙo ya sauka a bayan hannun Malama. Daga ranar haka suka ci gaba, hannun Malama a ƙasa, na Auta a sama yana bin abin da ake yi, in ta ga dama ta janye ba mai hana ta. Maganarta ta farko a kan lilo ta fito. Malama tana tura ta sai ta tsayar da lilon. Auta ta girgiza jiki tana neman a ci gaba, Malama ta sa hannu ƙarƙashin nata ta haɗa yatsu, alamar "ƙara", sannan ta tura. Aka yi ta haka har ran nan lilo ya tsaya, yarinya ta laluba ta kamo hannun Malama ta haɗa yatsun da kanta. Iya mai shara tana wurin. Ta ce ba ta san lokacin da tsintsiya ta faɗi daga hannunta ba.

Shekaru suka shuɗe, Auta ta zama mai baki a hannu. Ta san ruwa, ta san ciwo, ta san "ba na so", kuma wannan ta fi amfani da shi. Ta san kowa a ajin da alamarsa, ta fara bin ɗigo-ɗigon rubutun makafi da kan yatsa. Malama tana alfahari da ita, ba ta ma ɓoyewa. Sai wata rana mahaifiyar yarinyar, wadda tela ce, ta zo da goyo a baya, ta tsaya a bakin ƙofa tana kallon 'yarta tana ba Malama labari hannu cikin hannu, har da dariya. Ta daɗe tana kallo. Sannan ta ce, cikin raha amma idonta ya kawo ruwa:

"Malama, ai wannan 'yarki ce. Mu dai haihuwarta muka yi."

Ashe a gida wata yarinya ce daban. In tana son abu sai ta yi ta motsa yatsu a iska ba mai amsawa, ta gaji ta fasa kuka, ta buga kai da bango. Maganar uwar ta tsaya wa Malama a rai. Ta zauna a ajin bayan an tashi ta duba aikinta, sai ta ga ta koya wa yarinya harshe, amma duk duniya ita kaɗai ke jin sa. Ga shi saura 'yan watanni ta ajiye aiki. Za a kawo wata malama, ƙwararriya ma, amma malama tana tashi in an tashi, kuma ana yi mata canjin wurin aiki. In har maganar Auta ba ta koma gidansu ba kafin ƙarshen shekara, to za ta bi Malama ta fita, yarinyar ta koma yadda aka kawo ta. Hankalinta ya tashi ƙwarai.

Uwar ta fara zuwa in ta samu sarari, kuma kanta yana ja, ba a nuna mata alama sau biyu. Matsalarta sauri. Kafin Auta ta gama neman ruwa, kofi ya riga ya isa bakinta. Ga goyo, ga ɗinkin mutane yana jira. Wannan magana kuwa hannu biyu take so, kuma hannun matar a cike yake. Sai Malama ta juya kan uban.

Shi ne yake kawo Auta kullum a kan babur, ya sauke ta a bakin baranda, ya gaisa daga nesa ya juya. Bai taɓa taka ajin ba. Dogon mutum ne mai gemu, mara yawan magana, rigar aikinsa duk ƙananan huji inda tartsatsi ya ci. Ta taga Malama ta lura da wani abu: kafin ya sauke yarinyar yakan ɗan matsa gwiwarta, ita kuma nan take ta ɗaga hannaye a ɗauke ta. Ta tare shi ran nan ta ce masa abin da yake yi ɗin nan magana ce, ya daɗe yana yi wa 'yarsa magana bai sani ba. Ya yi dariyar jin kunya ya ce ina, shi da ƙarfe ya iya magana. Da ta matsa, sai ya juya hannayensa ya nuna mata, duk kaushi da tabon ƙuna. Ya ce tun Auta tana jaririya ya shafa kumatunta fatar hannunsa ta karce ta, ta yi ta kuka, tun daga ranar ɗauka da ajiyewa kawai ke haɗa su. Ya ce ya riga ya sa a ransa in Malama ta tafi sai su koma gidan jiya, Allah ya ba su haƙuri.

Malama ba ta karɓi wannan ba. Ta kafa masa ƙahon zuƙa safe da rana har ya gaji ya ce zai zo. Ta yi masa bayanin komai: ya fara taɓa kafaɗar yarinyar ta san da mutum, ya gangaro a hankali zuwa hannunta, ya sa nasa a ƙasa, kada ya kama. Abu ɗaya ta manta ba ta faɗa masa ba.

Ranar da aka sa, ya kawo Auta da safe kamar kullum, sannan ya wuce gida. Ya yi wanka da sabulu mai ƙamshi, ya dirje hannayensa da soso har suka yi ja, ya shafa man matarsa. Ya biya wurin mai aski aka kwashe gemun tas. Ya sa sabuwar riga mai dogon hannu wadda ya ajiye don fita ta musamman, ya fesa turaren da Iya ta ce ya riga shi shiga ajin. Mutum zai shiga makaranta, zai zauna gaban 'yarsa a karon farko, me kake so ya yi? Malama tana ganinsa ta gane abin da ta manta ba ta faɗa masa ba, amma ba ta iya kallon mutumin da ya yi wannan shiri ta ce ya koma ba.

Ya durƙusa, ya taɓa kafaɗar Auta kamar yadda aka koya masa, ya sa hannunsa ƙarƙashin nata. Yarinyar ta shafa hannun ta ji santsi. Ta kai shi hanci. Ta bi hannun rigar zuwa sama, ta lalubi haɓarsa ta ji wayam. Sai ta janye, ta cusa hannayenta biyu cikin hammata, abin da ta yi shekaru ba ta yi ba, ta ja jiki ta manne da Malama. Ya ɗan jima a durƙushe, sannan ya miƙe ya fita.

A kan babur Malama ta same shi, ya sa makulli bai tayar ba.

"Na faɗa miki, Malama. Ba ta san ni ba."

"Baban Auta, ta san ka sarai. Wanda ya shigo yanzu ne ba ta sani ba. Babanta warin ƙarfe yake, hannunsa da kaushi, yana da gemu. Kai ka aiko mata da wani baƙo mai turare, don me za ta ba shi hannunta? Laifina ne da ban gaya maka ba. Gobe ka zo daga shago kai tsaye, yadda kake."

Ya dube ta kamar bai yarda ba. Can ya ce, to gemun fa? Ta ce wannan sai su jira Allah.

Washegari ya zo da rigar aikinsa. Auta ta shinshina hannun rigar, ta bi tafinsa ta sami kaushin nan, fuskarta ta washe. Nan take ta miƙe ta nufi kantar aji, ta ɗauko guntun robar babur, ta rataya jaka, ta tsaya tana jiransa. A wurinta Baba na nufin tafiya gida, ba ta san shi da wani abu ba. Uban ya rasa dariya zai yi ko kuka. Malama ba ta yi gardama da yarinyar ba, ta ce tun da a kan babur ta san shi, to a can za a fara. Makonni ana darasi a inuwar bishiyar tsakar makaranta, mutum uku a tsugune gefen babur. A nan uba da 'ya suka koyi taya da makulli, da "tafi" da "tsaya". Kalmar "zafi" kuwa uban ne ya koya mata, ya kusantar da hannunta ga injin babur bayan ya ɗan huce, nasa a ƙasa yana kare ta, sannan ya yarfe yatsu. A wannan fannin Malama ta ce ba ta da abin ƙarawa.

Abin bai zo da sauƙi ba. Yatsun mutumin sun saba da riƙo, da ya ga Auta ta kuskure alama sai ya cafke hannunta kamar da filaya zai gyara. Malama ta yi magana har ta gaji. Ran nan ta ɗaure masa ido da ƙyalle, ta toshe masa kunne da auduga, ta bar shi zaune a tsakiyar aji. Sai da ya daɗe har ya fara tsarguwa, ta yi wa Iya ido, Iya ta lallaɓa ta fizgi hannunsa ta tura masa kofi a baki. Ƙaton mutum ya zabura, ruwa ya zube, saura kaɗan Iya ta sha ƙasa. Da aka kwance masa ido bai yi dariya tare da su ba. Ya daɗe yana kallon 'yarsa, sannan ya tambaya a hankali ko haka take ji kullum. Malama ta ce haka take ji in ba a sanar da ita ba. Tun daga ranar bai sake cafkar hannunta ba.

Sai aka zo wurin da ya fi wuya, kuma wannan na Malama ne. In uban yana ajin, Auta ta nemi ruwa a hannun Malama, sai Malama ta ƙi amsawa, ta ɗauki hannun yarinyar a kan nata ta kai shi kan na uban. Shi kuma ya yi ta lalube, wani lokaci ya gane, wani lokaci ya kawo ƙwallo a maimakon kofi. Auta ta yi fushi mai tsanani. Ta daina gaishe da Malama da safe, in ta ji hannunta sai ta ture. Wanda ya san wuyar da matar nan ta sha kafin ta samu wannan hannun zai san abin ya yi mata ciwo sosai. Iya ta same ta ran nan a ɗakin ajiye kaya tana share ido, ta ce ta ɗan sassauta mana, saura kaɗan ta tafi, don me za su rabu da fushi. Malama ta ce gara yarinyar ta yi fushi da ita tana da wanda za ta kai wa ƙara. Ta wanke fuska ta koma aji.

Malama, mutane da yawa sun iya sa yaro ya so su. Ke ce kika iya matsawa gefe lokacin da son ya fi daɗi, kika miƙa wa wani abin da kika yi shekaru kina nema, kina ji kina gani.

Sannu a hankali abin ya bi babur ya isa gida. Mai walda ya tattara guntayen ƙarfe a shagonsa ya haɗa kanta irin ta aji, ya goge gefunanta har ba inda zai karci yatsa, ya kafa ta a bangon falo. Ya ja igiya daga ƙofar ɗaki zuwa banɗaki. Ya kafa doka cewa duk wanda ya ja kujera ya mayar, dokar da shi ya fi kowa karyawa. Da yamma in ya dawo aiki, kafin ya yi wanka, sai ya zauna da Auta su yi bitar ranar, yayyenta suna kewaye suna kwaikwayo, uwar tana ɗinki tana gyara masa alamun da ya karkace. Ita ma ta rage sauri, ko da yake ta ce hannunta har ƙaiƙayi yake yi. Buga kai da bango ya ragu, daga baya ya daina.

Da ranar ƙarshe ta zo an yi ɗan taro a makaranta, an yi jawabai, an ba Malama kyauta a naɗe. Amma abin da ke ranta daban ne. Yaran nan ɓace musu mutane kawai suke yi, yau hannu yana nan, gobe babu, ba wanda ya ce musu ga abin da ya faru. Ta ce ba za a yi wa Auta haka ba, kuma ba ita za ta faɗa mata ba. Bayan an watse suka shiga ajin su uku. Uban ya durƙusa, gemunsa ya dawo yadda yake, ya sa hannayensa ƙarƙashin na 'yarsa, ya yi alamun ɗaya bayan ɗaya da yatsunsa masu tauri. Malama. Makaranta. An gama. Malama, gida.

Auta ta bi alamun da yatsunta har ƙarshe. Can ta laluba ta kamo hannun Malama ta riƙe, ta sake, ta koma kan na uban. Ta yi alamar Baba, ta yi alamar an gama, sannan ta tsaya tana jiran amsa.

Ya girgiza hannunta, a'a. Ya ɗora tafin hannunta a ƙirjinsa ya danna, Baba yana nan, ya sake dannawa. Yarinyar ta yi kuka ranar, Malama ma ta yi. Amma a kafaɗar ubanta Auta ta yi nata, kuma shi ya lallashe ta da hannu har ta yi shiru.

Bayan wasu watanni Malama ta kai musu ziyara. Ta tarar da uban ya dawo aiki yana zaune a benci a ƙofar gida, Auta a gefensa. Ta taɓa kafaɗar yarinyar ta ba ta hannu. Auta ta gane ta nan take, ta rungume ta, sannan ta shiga bincike irin nata, ta shafa wuyan hannu, ta matsa damtse, ta tattaɓa kumatu. Sai ta juya wurin ubanta, ta kama hannayensa biyu ta buɗa su, ta ɗan jijjiga su da sauri. Uban ya kwashe da dariya har da buga ƙafa, ya mayar mata da amsa, ita ma ta ƙyalƙyale. Malama ta zuba ido. Duk shekarunta a wannan aiki ba ta taɓa ganin alamar nan ba, kuma ba ita ta koyar ba.

"Me ta ce?"

"A'a, Malama, ba komai."

"Baban Auta, me ta ce?"

Ya sosa ƙeya. "Cewa ta yi hutu ya karɓe ki. Wai kin yi ƙiba. Alamar a gida muka ƙirƙiro ta, saboda wani kawunta."

Malama ta zauna a bencin ta yi dariya har hawaye suka zubo, kuma hawayen ba na dariya kaɗai ba ne. Ta ce tun da take ba a taɓa gulmarta a gabanta ta ji daɗi haka ba. Yau ga shi Auta ta yi magana sai an fassara wa Malama, kuma ubanta ne mai fassarar.

Malama Dakata, uwar masu magana da hannu, mun gode. Iyayen da suka bi ta ajinki sun gode, da waɗanda suka faɗa da waɗanda kunya ta hana. Allah ya saka miki da alheri, ya ba ki lafiya mai ɗorewa. Ga sauranmu kuma, aikin yana nan. Akwai yara irin Auta a bayan ƙofofi da yawa, iyaye sun ajiye su a ɗaki don ba su san akwai abin yi ba. Wanda ya san irin wannan gida ya je ya gaya musu akwai makaranta, akwai hanya. Matasan malamai masu neman fannin da za su kama, ga wanda yake neman mutane. Iyaye maza kuma, kada ku bar wa malamai da uwaye abin su kaɗai, ku shiga ajin ku zauna a ƙasa ku koya, ba wanda ya yi girman da ya wuce haka.

Ke kuwa Malama, ki ci hutunki, kin cancanta. Ƙibar ma ta yi miki kyau, kowa ya gani ya yi shiru. Auta ce dai ba ta iya riƙe magana a ciki ba, kuma wannan ba mu san wanda za mu ɗora wa laifi ba in ba ke ba.